Abin da Malam Hoheto Bai Koya Ba

Zuwa ga autana Ishaku,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gare ni da innarka da yayyenka duka, har da 'ya'yansu ƙanana da har yanzu bakinsu bai iya sunanka ba, suna ta tambayar ina Kaku ya tafi. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, jirgi ya sauke ka ba ciwon kai, ruwan can ya karɓe ka, sanyin duwatsun da ake ba mu labari kuma kada ya shiga ƙashinka. Allah ya haɗa ka da malamai masu haƙuri da abokan ɗaki masu tsoronsa.

Ba labarin gida zan ba ka ba. Wannan aikin yayanka Yusufu ne, shi ya fi ni sanin abin da ya haihu da abin da ya tsiro. Ni wata magana ce ta tsaya mini a wuya tun ranar da na raka ka bakin hanyar Ringim. Na shirya ta tun daga gida, amma da muka tsaya gindin kukar nan, ka durƙusa, na ɗora hannu a kanka, sai bakina ya yi nauyi. Abin da na iya faɗi kawai shi ne ka kula da akwatinka. Na dawo innarka ta tambaye ni me na gaya maka, na faɗa mata, ta dube ni ta ce, "Tafiyar nan duka don akwati ka yi ta?" To, ga sauran maganar a takarda, tun da takarda ba ta jin kunya.

An ce a makarantar nan za a koya muku Helenanci, harshen da aka fara rubuta Sabon Alkawari da shi, don ku iya fassara wa jama'a da kanku. Ka sani ubanka ya taɓa sa ƙafa a hanyar nan, ya yi taku kaɗan ya juyo. Ka ji gutsattsarin labarin a bakin mutane, galibi wajen dariya. Gara ka ji shi cikakke daga wanda ya yi ɓarnar.

Ina saurayi, ban daɗe da auren innarka ba, fartanya ta sare ni a ƙwauri a gonar kakanka Nomau, can bayan duwatsun Dutse. Ciwon ya zama gyambo, har aka fara cewa sai an yanke ƙafar. Ba ganyen da ba a daka aka ɗaura mini ba. A lokacin ba a daɗe da shimfiɗa hanyar jirgi ba, tsofaffinmu in sun ji kukansa har tofi suke yi. Sai muka ji Turawan mishan sun buɗe wurin magani a gaba da Taura, a bayan gari. Aka ɗora ni a jaki aka kai ni. Baturen wurin wani dogo ne marar yawan magana, mutane suna ce masa Mai Keke, don ko bayan ɗaki zai zaga sai ka ga kamar zai hau kekensa. Shi ya wanke mini ƙafa da hannunsa, abin da ko 'yan'uwana sai sun toshe hanci. A zaman jiran warkewa na koyi karatun boko, a nan na ji bishara, na ba da gaskiya, aka yi mini baftisma aka sa mini Dauda.

Da ƙafa ta warke sai ya roƙe ni in riƙa zuwa da rani ina taya shi Hausa, don tasa ta littafi ce, in ya yi magana sai ka ce alƙali ke karanta hukunci. Wata rana da la'asar, a gindin tsamiyar asibiti, na ga wani littafi a hannunsa mai baƙaƙe kamar sawun kaza a kan rairayi. Ba boko ba, ba ajami ba. Na tambaya, ya ce wannan shi ne asalin, na Hausa da na Turanci duk daga cikinsa aka ɗebo. Na ce ina so. Ya yi murna ƙwarai, har ya ba ni kujerarsa ya zauna a kututture.

Baƙaƙen ba su ba ni wuya ba, cikin 'yan kwanaki na haddace su. Masu jinya suka fara cewa kan Dauda yana ja. Wannan yabon shi ya kashe ni. Da muka shiga nahawu sosai, abubuwa suka fara yi mini duhu, sai ya zama ina jin kunyar a ga mai kai ya tsaya. Mai Keke zai yi bayani, ya ɗago ya ce, "Dauda, ka gane?" In ce, "Na gane, Bature." Ya sake cewa, "Ka tabbata?" In ce, "Sarai." Alhali ko ƙofar maganar ban gani ba. Shi kuwa mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta, sai ya buɗe shafi na gaba. Haka na yi ta ɗora jinka a kan ginin da bai bushe ba.

Da muka iso fi'ili abin ya rushe. Kalma guda ya ɗauko, ma'anarta kwancewa, kamar yadda ake kwance akuya daga turke. Sai ga ta ta cika shafi bayan shafi. Ina kwancewa, na kwance, na riga na kwance, an kwance ni, na kwance wa kaina, da ma in kwance, kowanne da irin kansa da irin wutsiyarsa. Ran nan na ajiye takardar na ce, "Bature, wai akuya guda sau nawa za a kwance ta? Ni maganar Allah na zo nema." Ya yi dariya har ya cire tabarau, ya ce, "Maganar tana cikin wutsiyoyin nan, Dauda." Ban yarda ba. Hadari na farko da ya haɗu na ce shuka tana kirana, da rani mai zuwa kuma na sami wani dalilin. Ya kwafa mini shafukan da hannunsa ya ba ni, na naɗe su a tsumma na sa a ƙasan tukunya.

Saboda haka, Ishaku, kalmar nan "ban gane ba" ka riƙe ta kamar guzuri. Ka faɗe ta a gaban aji, ko 'yan kudu da suka riga ka jin Turanci za su yi dariya. Dariyar yini guda ce. Matambayi ba ya ɓata. In kun iso wurin kwance akuyar nan, don na tabbata tana nan tana jiranka, ka zauna ka kwance ta sau ɗari. Noman farko da maimai ba su da daɗi, amma ba wanda ya taɓa tsallake su ya cika rumbu.

Yanzu ga inda sunan nan ya fito, wanda ka taɓa yin faɗa da yaran Gidan Barau a kansa kana ƙarami. Da aka sa ni mai bishara a nan Gidan Ranau, majami'armu rumfar zana ce, mu ba mu fi a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba. Babban cikinmu shi ne Baba Arzika, ba ka same shi ba. Tsoho ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya riƙe sarautar noma a zamaninsa, bai iya karatu ba amma ba abin da ke wuce kunnensa. Wata Lahadi na yi wa'azi a kan misalin mai shuka, wanda irinsa ya faɗi a wurare dabam dabam. Na ɗauki zafi, na yi ta rarraba jama'a, ina nuna wasu da baki cewa su ne dutse, wasu su ne ƙaya. Da na gama sai Baba Arzika ya yi gyaran murya.

Ya ce, "Malam, ina da tambaya. Mu nan in za mu yi shuka, sai mu sara da sungumi, mu jefa iri, mu rufe da diddige. Ba mai hankalin da zai zuba irinsa a kan falalen dutse ko a kan turba. Shi wannan manomin, bai san gonarsa ba ne, ko kuwa da gangan ya yi? Don ni a ganina, in da gangan ne, to labarin ba na dutse ba ne. Labarin mai gona ne da ba ya rowar iri, har dutse ma yana ba shi rabonsa ko Allah zai sa."

Mutane suka ce, "Ƙwarai kuwa." Ni kuwa sai na ji kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Ban kuwa iya cewa ban sani ba. Sai na miƙe tsaye na ce, "Baba, wannan magana ta masu karatu ce. A asalin harshen, abin da aka rubuta shi ne ho, he, to." Na faɗe su da ƙarfi ina ɗaga yatsa. Ishaku, in ka fara karatu za ka ga ko mene ne su. 'Yan ƙananan kalmomi ne da ake sawa gaban suna, ba su fi abin da muke liƙawa a ƙarshen kalma mu ce gonar ko gidan ba. Su ne darasin farko, su kaɗai suka zauna mini daram. Da na ce "to", wata tsohuwa a baya ta ɗauka na rufe magana ne, ta amsa, "To, madalla." Aka tashi.

Baba Arzika ya miƙe. Ya ɗauki sandarsa ya fita, kusan damina guda bai sake taka rumfar nan ba. Ba ya jin Helenanci, amma ya san an rufe masa baki da abin da ba amsa ba. Samari kuwa suka sa mini Malam Hoheto, tun ana faɗa a ɓoye har ya fito fili. Innarka ce ta gaya mini gaskiya tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba. Ta ce, "Tsohon nan tambaya ya yi, kai kuwa jifa ka yi." Na kwana biyu ina fushi da ita, a na uku na ɗauki fartanya da sassafe na tafi gonarsa, na kama kunya guda na fara nome masa. Ya zo ya tsaya yana kallona har na kai ƙarshe. Ya ce, "Ka bar ciyawa a bayanka, Malam." Na koma na cire. Sa'an nan na durƙusa na ce masa abin da na faɗa ran nan ba shi da ma'ana, kuma fassararsa ta fi tawa. Ya ce, "Na sani. Ina jira ne in ga ko kai ka sani." Lahadi ta gaba ya dawo wurin zamansa. Har ya rasu, in na shirya wa'azi a kan shuka ko kiwo ko girbi, sai na fara kai masa ya auna.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni na sa shi a wuyana na ji. Kai za ka san abin da ya fi nawa nesa ba kusa ba, saboda haka haɗarinka ya fi nawa. Helenancinka ya zama kamar daddawa a miya, a ji daɗinta, kada a tsinci ƙwayarta a baki. Ranar da ka ji kana marmarin furta kalmar Helenanci a gaban manoma, ka tambayi kanka ko don su ne ko don kai. In tsoho ya yi maka tambayar da ta fi ƙarfinka, ka ce, "Baba, ban sani ba, bari in duba." Ba abin da zai ragu a jikinka. Mutanen da aka fara yi wa maganar nan manoma ne da masunta da makiyaya, saboda haka wani lokaci mai fartanya yakan riga mai littafi ganin abin da ake nufi.

Wancan ana ba da shi a yi dariya. Wanda zan faɗa yanzu ban taɓa ba wa ɗayanku ba.

Ka san Iya Ladi, mai ba ka ƙosai kyauta ranar kasuwa. Tana da 'ya mace kafin ɗanta Markus, sunanta Talatu, yarinya mai wayo da ta fara tallar gyaɗa. Zazzaɓi ya kama ta a tsakiyar damina, jikinta ya kumbura. Wata safiya ina wasa fartanya a ƙofar gida sai ga Ladi, idonta ya faɗa. Ta durƙusa ta ce, "Malam, kai ka karanta mana cewa mai roƙo zai samu. Na roƙa. Yarinya sai ƙara yin ƙasa take." Ni kuma a lokacin ina ji da kaina, ina ganin kowace tambaya dole in sami amsarta nan take. Na ce mata, "Magana ba ta ƙarya. In an roƙa ba a samu ba, sai mai roƙo ya binciki zuciyarsa." Ta dube ni, ta ce, "To, Malam," ta tashi. Bayan kwana huɗu muka binne Talatu. Ladi ta daina zuwa sujada, ni kuma na riƙa cewa a raina bangaskiyarta ce ba ta da saiwa.

Bayan girbi na raka wani mai ciwon ido asibiti. Muna zaune da Mai Keke na ba shi labarin, ina ba shi ne ma a matsayin kukan raunin jama'ata. Sai ya shiga ɗaki ya fito da littafin nan, ya buɗe, ya ɗora yatsa a kan kalma guda. Ya ce, "Karanta." Na karanta, don baƙaƙen ba su gudu ba. Ya ce, "Wace siga ce?" Ban gane ta ba. Ya ce, "Tana cikin shafukan da na kwafa maka. Wannan sigar takan nuna aikin da ake ci gaba da yi. Da Hausarku ba roƙa kawai ba ne, yi ta roƙo ne. Kamar yadda ɗa yake yi wa ubansa, yau da gobe, ba kamar mai saye da ya miƙa kuɗi yana jiran awo ba. Kuma ko wannan ma kada ka rataya masa kaya duka, ka karanta abin da ke gabansa da bayansa. Ba inda aka ce in ba a samu ba laifin mai kuka ne." Ya rufe littafin. Sa'an nan ya ce, a hankali, "Dauda, jaki nawa ne a garinku?"

Ishaku, ni da aka ɗora a jaki aka kawo ni wurin nan da ruɓaɓɓiyar ƙafa, ban tuna in ce a ɗora yarinyar nan ba. Ban sani ba ko da ta rayu, wannan sanin na Allah ne. Amma na san abin da ya kamata in yi da safiyar nan, in ajiye fartanya in ɗaura wa jaki akumari. Hanyar dawowa gida ran nan ta yi mini tsawo.

Na je gidan Ladi na same ta tana sussuka. Na tsaya daga bakin zana na yi sallama, na faɗa mata na yi mata ƙarya da sunan Littafi, na kuma gaya mata abin da kalmar take nufi. Ta jingina taɓarya ta ce, "Malam, ai ni ban daina roƙo ba. Kullum ina yi, har yau. Rumfarka ce na kasa shiga, don in na gan ka sai in ji kamar ni na kashe ta." Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Na yafe. Amma ka riƙa zama kaɗan kafin ka yi magana." Ba malamin da ya taɓa ba ni darasin da ya kai wannan.

Shi ya sa nake cewa kada ka raina wutsiyar kalma. Wata rana mace za ta durƙusa a gabanka da abin da ya fi ƙarfinta, abin da ka koya ko ka ƙi koya a aji shi zai fito daga bakinka. Amma ko ka haddace littafin nahawu daga bango zuwa bango, in mai baƙin ciki ya zo, fara shimfiɗa masa tabarma. Ka tambaya ko an ci abinci, ko akwai abin da ƙafa za ta iya yi. Fassara ba ta gudu, tana iya jira har gobe.

Bayan wannan ne na tono shafukan nan daga tukunya, gara ta ci gefensu. Na yi ta fama ni kaɗai ba na gaba ba na baya, don an mai da Mai Keke wani wuri. Taimako kuwa yana nan kusa, ni ne na ƙi ganinsa. Malam Habu na Tsangayar Gabas, wanda kake gaisarwa in za ka Dutse, shekara da shekaru muna haɗuwa a hanya, gaisuwarmu ba ta wuce "sannu" da "yauwa". Na ɗauka in na zauna da shi gardamar addini za ta tashi, na kuma ɗauka yana ganina Bamagujen da ya bi Nasara don a ba shi riga. Ban taɓa tambayarsa ba, ni na yanka masa wannan tunanin na sa masa.

Ran nan muna dawowa daga kasuwar Jahun ruwa ya kama mu, muka fake a rumfa guda. Na fito da takarduna ina duba ko sun jiƙe. Ya leƙo ya ce, "Malam Dauda, wannan wane irin rubutu ne?" Na faɗa masa ina ɗari-ɗari. Ya ce in karanta masa layi guda. Na karanta masa yadda suna guda yake sauya ƙarshensa. Ya ce, "Tsaya. In shi ya yi aikin, ƙarshensa dabam, in a kansa aka yi, dabam?" Na ce haka ne. Ya ce, "In abin nasa ne kuma, wani dabam?" Na ce ƙwarai. Ya tafa hannu ya yi dariya ya ce, "Ai wannan li'irabi ne, irin na nahawun Larabci! Ashe su ma suna da shi. Mu da wasali muke yi, su da baƙi." Abin da na shekara ina kokawa da shi, mutumin nan ya gane shi kafin ruwa ya ɗauke.

Ya tambaye ni yaya nake karatun. Na ce ina duban shafin ne har in gaji. Ya girgiza kai ya ce, "Ido ba ya riƙe karatu, Malam Dauda. Baki da hannu ke riƙewa. Ka ɗebi kaɗan, abin da bai fi layi uku ba, ka rubuta a allo, ka rera shi da murya safe da yamma, in ya zauna ka wanke ka ɗora wani. Kada ka ɗora sabo sai ka maimaita na jiya." Washegari ya aiko mini da allo sabo. Da wannan dabarar na kwance akuyar nan har rabi, a shekarun da gemuna ya fara fari. Ban kai ƙarshe ba, kai ya riga ya yi tauri, amma na kai inda in na buɗe wuri nakan gane wa ya yi, wa aka yi wa, kuma an gama ne ko ana cikin yi.

Tun daga ranar muke zumunci. Bai taɓa ce mini in bar hanyata ba, ban taɓa ce masa ya bar tasa ba, ko da yake kowannenmu ya san abin da yake yi wa ɗan'uwansa fata. Mukan yi gardama, amma irin ta masu shan fura a ƙwarya guda. Abin da nake nadama shi ne shekarun da na ɓata ina tsallake ƙofarsa. Ka gwada dabararsa a can, ko abokanka za su ce ka mai da ɗakin kwana tsangaya. Kuma duk wanda ka ga ya san wahalar karatu, ko ba naka ba ne, ka girmama shi. In ka zo hutu, bayan ka gaida innarka, gidansa za ka fara zuwa. Ya ce in gaya maka yana da tambayoyi a kan fi'ilinku da ni na kasa amsa masa.

Kada ka karanta duk wannan ka ɗauka ubanka yana zaune cikin baƙin ciki. A'a. Na gode wa Allah. Na zo duniya a gidan da ba a san baƙi ko ɗaya ba, ga shi ina rubuta wa ɗana takarda da hannuna. Rumfar zana ta zama ɗakin ƙasa mai ƙofa. Waɗanda na ɓata wa rai sun yafe mini tun ina da sauran ƙarfin durƙusawa. Ƙafar da aka ce za a yanke ita ce ta raka ka bakin hanya. Kuma ban aike ka don ka rama mini abin da na kasa ba, wannan kaya ne da bai kamata uba ya ɗora wa ɗa ba. In karatun ya yi maka sauƙi, ka gode, ka taimaki wanda ya yi wa wuya. In ya yi maka wuya, ba abin kunya ba ne, jininka ne, sai ka yi ta yi.

Saura guda, ita kuwa a cikin gida na yi ta. Lokacin da nake rera karatuna a allo, innarka ta taɓa tsayawa da ƙwarya a hannu ta ce, "Malam, me yake cewa?" Na ce mata wannan ba abin da za ta gane ba ne. Ban faɗa da mugunta ba, amma na faɗa. Ba ta sake tambaya ba. Ko karatun Hausa ban taɓa zama na koya mata ba, ni da na koya wa rabin garin nan, kullum ina cewa sai an gama aikin gona. Sai bara na shigo na tarar da ita da yayarka Rifkatu a bayan rumbu, suna rubutu da tsinke a ƙasa. Ashe sun fi shekara suna yi, in sun ji tafiyata su share da ƙafa. Ta ce, "Ka ce ba zan gane ba, shi ya sa ban dame ka ba."

To, ga ma'aunin da zan ba ka, ya fi duk jarrabawar da za a yi muku. Duk abin da ka koya a Helenanci, in ba za ka iya mai da shi Hausar da innarka za ta ji tana kaɗi ta ce "ashe" ba, ba ka gama koyonsa ba. Kuma in Allah ya ba ka mata, kada ka bari ta koyi karatu a bayan rumbu.

Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka. Ya kiyaye ka daga ciwo da mugun aboki da girman kai. Ya buɗe maka kai, ya kuma bar maka zuciyarka da taushi. Ya dawo mana da kai lafiya, mu gan ka da idonmu. Ka gaida malamanka, ka ce wani tsoho a ƙasar Dutse yana yi musu addu'a, don ya san abin da suke fama da shi. Jama'ar majami'a duk suna gaishe ka, Iya Ladi ta ce a faɗa maka da sunanta.

Ni ne mahaifinka,
Dauda Nomau, Gidan Ranau.

Na karanta wa innarka takardar nan tun daga farko. Ta ce na yi surutu da yawa kuma na manta abin da ya fi muhimmanci. Ta karɓi alƙalamin, wannan ne karo na farko da ta sa shi a takarda. Layin da ke ƙasa hannunta ne, ban gyara mata ko baƙi ɗaya ba.

Ishaku ka ci abinci. Ni ce innarka na rubuta da kaina.